Ruwan Zafin Inna da Zuciyata

Assalamu alaikum jama'a. Masu cewa tun da na haihu na yi girman kai na daina amsa saƙo, ku zo ku ji. Ba girman kai ba ne. Saura ƙiris in bar 'yata Hauwa'u marainiya tun ba ta san fuskata ba.

Haihuwar fari ce, don haka gida na koma, Magarya, wurin Inna, ta yi mini wankan jego. Wanda ya san Inna ya san ba ta wasa da ruwan zafi. Safe da yamma tukunya na kan wuta, ga ganyen bedi, wato darbejiya, ga kunun kanwa cike da kwano.

Bayan suna ƙafafuna sunka fara kumbura. In na je bayan gida na dawo sai haki kamar na yi tseren gudu. Kwanciya ta gagara, sai dai in jingina da bango in yi gyangyaɗi.

Matan unguwa sunka zo sunka duba, bakinsu ɗaya: sanyi ya shige ni, ruwan bai zafi yadda ya kamata. Inna ta ji kunya ƙwarai. Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa.

Ni kuwa sai ƙara kumbura nake.

Ran da na kasa riƙe Hauwa'u ta gama shan nono, ranan na ji tsoro na gaske. Na ce ma mijina Bello in bai kai ni asibiti yau ba, to ya fara neman mai shayar da 'yarsa. Inna ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in. Na ce gawar mai jego fa, tana fita? Allah Ya yafe mini, bakina ba ya da linzami, amma dai an samo mota.

A asibitin Wurno wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rahila, ta danna ƙafata, yatsanta ya bar rami. Ta ga tabon da ke wuyana ta tambayi mi ya same ni. Na ce wani ƙari ne tun ina ƙarama, an warke tuni. Ta dubi Inna, sai Inna ta faɗi sunansa, ciwon daji. Rabon da in ji kalmar nan a bakinta tun ina firamare. Nan take anka tura mu Sakkwato.

Can anka ɗebi jini, anka yi hoton ƙirji, anka shafa mini wani abu mai sanyi anka yi hoton zuciya. Likitan ya tambayi Inna ko cikin magungunan da anka sa mini a jijiya lokacin akwai wani ja. Ta ce akwai, ba ta mantawa, har fitsarina ya rine, gashina ya zube kaf.

Ya ce maganin nan shi ya cece ni, amma wani lokaci yakan bar zuciya da rauni, kuma raunin ya yi shiru shekara da shekaru. Ciki ya ɗora mata kaya, zafi da kanwa sunka ƙara. Ya ce ai ana gaya ma iyaye su riƙa kawo yaro ana dubawa ko ya girma.

An gaya musu. Amma wa zai bar aikin gona ya kai lafiyayyar yarinya Sakkwato? An warke, an yi sadaka, an rufe zancen.

Inna ta zauna dirshan a ƙasa ta ce, "Ashe da hannuna ni ka dahwa ɗiyata."

Na yi kuka. Matar nan ita ta goya ni zuwa wanga asibiti ina ƙarama, lokacin da kowa ya cire rai da ni. Likitan ya ce mata, "Mama, ke kika kawo ta wancan karon, ke kika kawo ta yau. Tashi ki riƙe jikarki."

Anka kwantar da ni. Allurar fitar da ruwa, awon nauyi kullum safe, abinci lami babu gishiri, har ruwan sha sai an auna mini. Kuɗi sun tafi, ba zan ɓoye ba. Bello ya fasa rudun da ya adana albasarsa ciki ya sayar da ita tun ba ta yi tsada ba, bai taɓa yi mini gori ba.

Sannu a hankali kumburin ya saɓe. Ran da na kwanta miƙe na yi barci har anka tashe ni shan magani, ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka.

Da munka dawo gida matan nan sunka sake taruwa. Wai ban cika wanka ba, jikina zai ruɓe, a ɗora tukunya a rama. Ina shirin buɗe baki Inna ta riga ni.

"Wadda duk tas sake kawo kanwa gidanga, ita za ta shanye ta gabana."

Sunka watse ɗaya bayan ɗaya.

To ga saƙona. In an taɓa yi maka maganin ciwon daji kana yaro, tambayi iyayenka wane iri ne tun suna raye. Faɗa ma duk likitan da ya duba ka, ko bai tambaya ba. Je a duba ka ko kana jin garau. 'Yan'uwana mata, a duba zuciya kafin ciki, ba bayansa ba. Mai jego da ke haki da kumburi kuwa, asibiti za a kai ta.

Har yanzu ina shan magani, ina komawa awo, kuma likita ya ce kada in sake ɗaukar ciki sai da shawararsa. Na yarda.

Na gode ma Allah, na gode ma Sista Rahila, da Bello, da Inna.

Jiya na goya Hauwa'u na kai ma babanta abinci gonar shinkafa, can bakin hanyar ruwa, da ƙafata, ban tsaya hutawa ba. Tana ta jan ɗankwalina tana dariya. Alhamdu lillahi, yanzu ta san fuskata.