Layin Nijar da Na Jefar Ya Cinye Shanun Baffa

A shekarun da nake magana ni ne mai shagon kwamfuta da gyaran waya a bakin kasuwar Sabon Birni, kuma in faɗi gaskiya kaina ya fi ƙarfin hulata. Na yi ɗan karatun kwamfuta a Sakkwato, na dawo gida ina yi wa kowa kallon baƙauye. Da aka datse sabis ɗin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, sai kakata ta yanke saƙa. Na hau kabu-kabu har Burkusuma na sayo layin Nijar a hannun wani ɗan tireda, layin da ban ma tambayi da sunan wa aka yi masa rajista ba. Na kafa dogon ƙarfe a kan rufi, na ɗaura eriya, na janyo sabis daga ƙetare ina rarraba wa shagunan da ke jere da nawa. Mai kemis, mai takin zamani, masu cirar kuɗi, duk a wurina suke sha. Ana ce mini Injiniya ina amsawa ba kunya.

Cikin masu zuwa akwai wani dattijo Bafulatani, dillalin shanu daga wajen Gatawa, wanda nake ce wa Baffa don aminin mahaifina ne. Wanda ya san yankinmu ya san yanzu saniya ba ta sayuwa da fatar baki. In ba ka da shaidar inda ka samo ta, sunanka ɓarawo, balle in kai Bafulatani ne. Shi ya sa duk wadda Baffa ya saya sai an rubuta takarda a kara, wato kasuwar shanu, shaidu biyu sun sa hannu, ya naɗe ya zuba a wata jakar fata. Ni na raina masa jakar nan. Na ce masa gara na cin takarda, ruwa na jiƙa ta, amma abin da aka ajiye a ma'ajiyar intanet ko gari ya ƙone yana nan. Ya tambaye ni a ina ɗakin ajiyar yake, na yi dariya na ce ba sai ya sani ba. Na buɗe masa imel, da aka nemi lambar da za a riƙa turo wa lambobin tantancewa sai na sa layina na Nijar, don shi kaɗai ke kama sabis. Daga nan kowace ranar kasuwa zai kawo mini hoton saniya da mai ita da takardarta, in ɗora masa.

Da sabis ɗinmu ya dawo, na zare layin Nijar na jefa a aljihun tebur. Masu manyan shagunan da na buɗe wa imel da shi na bi su ɗaya bayan ɗaya na sauya musu lamba, don na san suna da bakin magana. Baffa kuwa kullum gobe nake ce wa raina, tun da ba shi da surutu. Wannan goben ta fi shekara. Ana nan aka kai wa rugarsu hari, suka fita da rigunan jikinsu, jakar ta ƙone a bukka, wayarsa aka fizge a hanya. Da na je masa jaje ce mini ya yi ya gode Allah da ya ji maganata, takardunsa na wurin da wuta ba ta kai. Har a lokacin ban tuna da layin ba. Wallahi duk sadda na tuna yadda na gyaɗa kai ina jin daɗin yabo, ji nake kamar in mari kaina.

Shanu bakwai suka rage masa, waɗanda ke kiwo a wurin ƙaninsa. Ya kora su kasuwar Isa don ya samu abin riƙe iyali. Wani mutum ya tsaya a kara ya rantse nasa ne da aka kore masa bara. 'Yan banga suka tsare Baffa. Ƙauyen da ya saye su ya watse, shaidunsa kowa ya kama gabansa, sai ya ce musu shaidarsa na wurin ɗansa a Sabon Birni, wato ni. Suka ba shi zuwa la'asar. Ƙaninsa ya zo ya ɗauke ni a babur, na rungumi kwamfuta har da ƙoƙarin gyara hula.

A gaban jama'a na sa imel, na sa kalmar sirri, sai aka ce an tura lambobin tantancewa zuwa layin Nijar. Na zo da shi a aljihu, don sai da zan fito daga shago na tuna na ɗauko shi, na saka a waya, ya mutu murus. Rashin sa masa kati ya sa an rufe shi an sayar wa wani. Na kira lambar, wata mata ta ɗauka daga can cikin Nijar. Na roƙe ta don Allah don Annabi ta karanto mini lambobi shida da suka shigo mata. Ta ce mini ɗan damfara, ta san irinmu, ta kashe. Na sake kira ta toshe ni. Ba ni da bakin zaginta, don abin da nake koya wa masu sayayya a shagona ke nan, kada su karanta wa baƙo lamba. Aka yi kiran la'asar ina zaune da kwamfuta a cinya, Baffa na tsugune a rana yana kallona.

Sai da dattawa suka sa baki aka sake shi bayan kwana uku, amma shanun sun tafi da mai rantsuwa. Abin da ya fi shanun ciwo, ba wanda ya ƙara sayen ko akuya a hannunsa. Ina fushi da wanda ya rantse a kan ƙarya, ina fushi da waɗanda suka ga furfura da sandar kiwo suka yanke hukunci tun ba su ji ba. Amma fushin da ya fi ci mini rai na kaina ne, don aikin minti biyar na hana shi saboda ba shi da babban shago.

Ku masu sana'ata, ku ji tsoron Allah. Kada ku buɗe wa mutum ajiya da layinku ko layin aro, ku sa nasa, ku rubuta masa komai ya riƙe, ku buga masa kwafi ya ajiye a gida biyu. Ku kuma 'yan kasuwa, wanda ya ce ba sai kun sani ba, ku ƙwace wayarku ku fita.

Ranar da Baffa zai ƙetara Nijar da iyalinsa ya biyo ta shago. Na so ya zage ni, bai yi ba. Tambayata kawai ya yi ko hotunan na nan har yanzu. Na ce suna nan, ba abin da ya taɓa su. Ya ce to wa ke ganinsu, na ce babu kowa. Ya jinjina kai ya ce in gaida mahaifina, ya tafi, ban sake ganinsa ba.