Delu Mai Alkaki da Dublan

A Kumbiya-Kumbiya, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gombe, ba a haɗa garar amarya sai da alkakin Delu. Ita ke surfa alkamarta, ta tsuma ta da tsamiya, ta murza da hannu, ta soya, ta tsoma a zuma. Har daga GRA matan ma'aikata ke aiko mata da fanteka.

Shekarar ƙarin albashin Udoji aka kawo wani ma'aikacin reluwe daga Maiduguri, ya kama haya a bayan gidanta, shi da matarsa Fanta. Ba a jima ba wata sabuwar kalma ta shiga bakin mata: dublan, wanda Fanta ke yi.

"Mene ne kuma dublan?" Delu ta tambayi maƙwabciyarta Jumma.

"Fulawa ce ake murzawa ta yi siriri kamar takarda, a naɗe ta kamar fure, a soya, a tsoma a ruwan suga da lemon tsami. Yaya Delu, in kin sa a baki narkewa yake."

"To, takarda ce soyayya ke nan."

Da wannan sunan ta ci gaba da kiransa. Duk fantekar da ta wuce ƙofarta zuwa gidan Fanta, Delu ta san ta wace ce. Sau da yawa ta rufe ɗaki ta gwada yin sa, abin ya fito da tauri, ta zuba wa awaki.

Abin da ya fi ci mata rai ya zo ne daga cikin gida. Da aka sa ranar auren 'yarta Suwaibatu, malamar firamare, sai ta ce, "Inna, don Allah a sa dublan a garata."



Fanta da kanta ta kawo kwalla cike da dublan, kyauta, ta durƙusa ta gaishe da Delu. Delu ta ɗauki ɗaya a gaban mata ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Suga ya yi yawa," ta ce.

Fanta ta ce ta zo ta nuna mata yadda ake yi, Delu ta ce hannunta ya tsufa.

Suwaibatu ce ta je ta koya daga baya. Duk ranar da take suyar dublan, Delu kan jawo kujera kusa da murhu, tana iza wuta, tana ƙorafin man ya yi zafi da yawa.