Gwaggo ta Mangazar Gure

Ku ce ƙarya nake yi in kun ga dama, na saba. Amma ni Illa da kuke gani, shekara biyu cur na yi ina yi wa kyanwa aikinta, ita tana shan ladan. Kuma ko a kabari aka tashe ni zan ba da labarin ranar da asirinmu ya tonu a gaban kumandan.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda aikin yake ba, bari in fara daga tushe. A shekarun talatin da 'yan kai na lissafin Nasara, an sa doka cewa a riƙa ajiye hatsin tsimi saboda tsoron yunwa. Namu na Gure a mangaza ake tara shi, wani dogon ɗakin ƙasa a bayan biron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulkin garin. Ni ne mai riƙe da mabuɗi. Aikina in share, in juya buhuna, in hana gara da ɓera. Sama da ni akwai tafinta, Abba, wanda muke ce wa Mushe Abba irin kiran Faransawa, sama da shi sai kumandan. Ƙasa da ni ma'aikaci ɗaya tak, kyanwa, sunanta Gwaggo. Kada ku yi dariya, biro ya san da zamanta: kowace safiya ana kawo mata ludayin nono da izinin kumandan.

Dokar wurin ba ta da wuyar ganewa. In kumandan ya zo dubawa ya ga buhu a huje ko kashin ɓera a ƙasa, mai tsaro ya ajiye mabuɗi, a haɗa shi da masu aikin hanyar Gidigir, kwando a ka, rana a ƙeya. Wanda na gada haka aka yi masa. Ya tafi da tumbi, ya dawo ana ƙirga haƙarƙarinsa tun daga bakin kasuwa.

Da ƙuruciyarta Gwaggo bala'i ce. Ɓerayen Gure har Bune suke ƙaura da iyalansu in sun ji tarinta. Sai tsufa ya zo. Haƙora suka zube saura biyu, ido ya yi hazo, ta daina farauta, ta koma farautata ni. In na zauna tana cinyata. In na tashi tana tsakanin ƙafafuna, sau nawa na sha ƙasa da tsintsiya a hannu. In na tsuguna alwala ta tura kai a ƙarƙashin buta. In na kewaya bayan gida ta zauna a bakin zana tana kuka kamar an aiko mata da saƙon mutuwata. In na kuskura na yi hira da wani ban shafa ta ba, sai ta kafa faratanta a wandona ta fara hawa, kamar mai hawan giginya. Da yamma ta bi ni har gida. Matata Fanna ta kan ce, "Malam, wannan baƙuwar taka ba ta da dangi ne?"

Da biro ya san ta daina aiki, da an yanke nonon, an kawo ƙarama, ita kuma an yar da ita bayan gari kuraye su yi kalaci. Mu kuwa a nan ba a yi wa kyanwa haka. Uwata ta sha gaya mini wanda ya zalunci kyanwa ba ya gamawa lafiya, kuma ko barci take a kan tabarmarka ba ka tashinta, sai dai ka matsa.

Sai na nemo dabara. Kullum kafin in rufe mangaza in kifa ƙwarya bakwai a lunguna, kowace a tokare da tsinke, a jikin tsinken ɗan ƙuli-ƙuli. Ɓera ya ja, ƙwarya ta rufe shi. Da sassafe in bi in kwashe, in gama da su, in ɓoye ƙoren, in jera gawarwakin a bakin ƙofa, in ɗauko Gwaggo in zaunar a gefe. Masu wucewa su tsaya suna cewa, "Kai, tsohuwa ba ta gajiya." Ita kuma ta lumshe ido tana karɓar gaisuwa, ko kunya babu.

Aka kawo sabon kumandan, dogo, mai jan gashin baki da sanda a hannu. Mushe Abba ya ce mini, "Illa, ranar Talata da hantsi zai duba mangaza. Wannan ba ya wasa, har ƙarƙashin buhu yake leƙawa."

Na ce, "Mushe, ya zo da madubi ma in yana so."

Talata na buɗe tun da wuri, na kwashe ƙwarya shida, ɓera huɗu, na jera su. Saura ta bakwai can ƙuryar ɗaki. Na ce bari in ɗan zauna in gyara takalmina. Zaman da zan yi ke nan Gwaggo ta haye cinyata, ta naɗe, ta fara minshari. Na ce to, hantsi da saura, bari tsohuwa ta ɗan huta. Ina nan zaune kamar gunki sai na ji takalma. Ashe hantsin Nasara daban yake da namu.

Na zabura na miƙe, na ƙame, na ɗaga hannu na sara masa kamar yadda gardi, dogaran kumandan, suke yi. Gwaggo ta zube ƙasa. Kumandan ya dubi ɓerayen, ya dubi kyanwa, ya yi magana. Mushe Abba ya ce, "Ya ce wannan duk aikinta ne?"

Na ce, "Gaya masa yau ma ba ta jin daɗin jikinta ne. Ranar da take lafiya sai an kawo jaki."

Ita kuwa Gwaggo ta ga ina magana da wasu ban kula ta ba. Ta yi kuka ɗaya, na yi kamar ban ji ba. Ta yi na biyu. A na uku ta kafa farata ta fara hawa. Hannuna yana sama, ba damar saukewa sai an ba da izini. Ta iso ƙuguna, ta samu bakin mazagin wando yana lilo, ta rataya a jiki da haƙoran nan biyu. Jama'a, na ji ƙulli yana kwancewa. Na haɗe gwiwoyina, na tura ciki gaba, hannu ɗaya a goshi, gwiwar ɗayan hannun tana tare wando. Mushe Abba ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa.

Haka na bi su ciki ina tafiya kamar agwagwa, kyanwa a saɓe. Kumandan ya bi buhu buhu yana sokawa da sanda, ya durƙusa ya leƙa, ya shafa ƙasa da yatsa. Ba huji, ba kashi. Har na fara jin ƙanshin tsira. Sai ya kai ƙurya.

Mushe Abba ya ce, "Ya ce mene ne wannan?"

"Ƙwaryar nonon Gwaggo ce, Mushe. Na kife ta ta bushe."

Ya sa sanda ya ɗaga. Wani ɓera ya fito, ƙato, da ƙuli-ƙulina a baki. Na sauke Gwaggo da sauri a gabansa, ina cewa a raina, tsohuwa, yau ɗaya ki rufa mana asiri. Ɓeran ya tsaya, ya dube ta, ya bi ta kan wutsiyarta ya wuce. Ita kuwa ta yi tsalle ɗaya wanda rabonta da irinsa tun zamanin kumandan na farko, ta faɗa cikin wuyan rigata ta lafe tana makyarkyata. Ni na bi ɓeran da takalmi, hannu ɗaya riƙe da wando, na buge shi a bakin ƙofa.

Na fara jin nauyin kwandon Gidigir a kaina.

"Ya ce wa ke kama ɓera a ɗakin nan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Shekara biyu."

"Ya ce me ya sa ba ka kawo rahoto ba?"

Na ce, "Mushe, gaya masa shekara goma ta tsare hatsin nan. In na kawo rahoto za a ce a yar da ita. Ya tambayi gardinsa kaf, in ya samu wanda zai ɗauke ta ya kai daji, ni ma a haɗa da ni."

Mushe Abba ya daɗe yana juya maganar, ina jin ya ƙara da nasa. Kumandan ya dubi kan kyanwa da ya leƙo daga wuyan rigata, gashin bakinsa ya fara motsi, sai ya fashe da dariya har yana dogara sanda. Hukuncin da ya yanke shi ne: hatsi lafiya lau, mabuɗi ya zauna a hannuna, kyanwa ta zauna a mangaza har ta mutu. Nono kuwa daga gobe a raba biyu, rabi na tsohuwar ma'aikaciya, rabi na sabon kyanwa, wato ni.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe: na sama buhu yake dubawa, bai damu da wanda ya yi tsallen ba. Wanda ƙarfinsa ya ƙare a bakin aiki kuwa, abokan aikinsa ne kaɗai za su rufa masa asiri, don biro ba ya tunawa.

Da yamma na koma gida da Gwaggo a kafaɗa, na zayyana wa Fanna komai, har da ƙari, ina jira ta ce ta auri namiji. Ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Shekara biyu kana kama wa Nasara ɓera, ni kuwa na ɗakina sun cinye mini faifai uku kana cewa bayanka na ciwo. Ɗauki ƙwarya ka shiga, kyanwar kumandan, in ka kama ka sha nono."