Gurbin da Ado ya bar wa Safiya

Shekara tara ke nan a wannan wata da muka kai ƙanena Adamu makwancinsa a Azare. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Kaɗan ne a gari suka san shi da Adamu. Ado Mai Bidiyo ake ce masa, domin da wuya a yi suna ko walima daga nan har Bulkachuwa da Dambam ba a gan shi da kyamara a kafaɗa ba. In ya dawo sai ya shige shagonsa, ya zauna gaban wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, yana tace hotunan yana jera su.

Ni mutumin tawada da alƙalamin kara ne, ajami na fara sani kafin boko, don haka aikinsa bai taɓa shiga kaina ba. Yakan tsokane ni ya ce, "Yaya Malam, kai in ka yi kuskure sai ka wanke allo ka jira ya bushe. Ni maɓalli ɗaya zan danna." Ni kuma in ce masa, "Ranar da aka ɗauke wuta ka zo in ara maka allon."

Amma akwai ƙa'idarsa guda da na fahimta sarai: Ado ba ya yanka addu'a. Wani ango daga Jama'are ya taɓa roƙonsa ya rage addu'ar liman don kiɗa ya samu wuri. A gabana ya amsa masa, "Ango, kiɗa ko rabinsa kake so in zubar, yanzu zan zubar. Addu'ar da aka yi maka kuwa ba da hannuna za a datse ta ba. Ka san a wace gaɓa aka amsa?"

Cikin ayyukansa akwai wanda ba na kowa ba ne sai na 'yarsa Safiya. Ya ɗauke ta a kyamara ranar suna, ya ɗauke ta tana tatata, ya ɗauke ta ranar da ta fara zuwa Islamiyya da hijabin da ya fi ta tsawo. Duk ya jera su a manhajar da yake aiki da ita, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya bar gurbi, baƙi wuluk, babu hoto, ya naɗi muryarsa a ƙarƙashi yana yi mata addu'ar ranar da za ta kammala haddar Alƙur'ani. Ya ce in ranar ta zo zai ɗora hoton a kai. Tana da shekara goma ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Bana Safiya ta haddace. Aka yi walima a tsakar gida, ƙawayenta suka ɗauke ta da waya tana karatu a gaban malamanta. Bayan an watse ta same ni ta ce, "Baffa, ina so in cike wurin Abba."

Aka fito da kwamfutar daga ɗakin mahaifiyarta, aka kakkaɓe. Ta tashi da ƙyar, fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, kuma in ta ɗau zafi sai ta mutu da kanta. Aikin Ado na nan yadda ya bar shi. Sai dai da Safiya ta kawo hoton wayar, manhajar ta ƙi karɓa, ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Ashe wayoyin yanzu suna dunƙule hoto da wani sabon tsari da ba a ƙirƙiro ba lokacin da aka yi manhajar. Abin bai zo mini baƙo ba. Na sha miƙa wa jikokina takardar ajami su jujjuya ta su dawo mini da ita, alhali Hausarsu ce a ciki.

Muka kai wa wani mai gyara da ya taɓa zama da Ado. Ya ce a fitar da tsohon aikin dunƙule guda, a liƙa masa sabon a waya, kafin shayi ya huce an gama. Ya kuma gargaɗe mu cewa kowace kunnawa na iya zama ta ƙarshe, in kuwa ta mutu, jerin da Ado ya yi da hannunsa ba zai sake buɗuwa yadda yake ba. Ni ma na ga hikimar maganarsa. Na ce wa Safiya zamani riga ne, in kiɗa ya canja rawa ma canjawa take. Ta yarda a kwafe komai a ajiye saboda tsaro, sauran kuwa ta ƙi. Ta ce, "Baffa, ai ba a waya ya bar mini wuri ba. A nan ya bari."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tunda tsohuwar manhaja ba za ta koyi sabon tsari ba, sai Safiya ta mayar da sabon hoton zuwa tsarin da manhajar ta sani. Ta ari kwamfutar ƙawarta, ta samo manhajar juya fayil, ta rage girman hoton zuwa irin na zamanin Ado. Karon farko ya shiga, amma bakinta na gaba karatun na biye da shi a baya. Mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "Ke kuma yaushe kika koma fim ɗin fassara?" Sai da ta gano cewa waya ba ta ɗaukar hoto da gudu ɗaya, tsohuwar manhajar kuwa gudu ɗaya tak ta iya. Ta daidaita wannan, ta sake juyawa, muna yi wa kwamfutar fifita da mafici kamar mai jinya.

Nakan tambayi kaina me Ado zai ce da ya ga yau, da kowa ya zama mai bidiyo, ana yanka karatu da wa'azi gutsi-gutsi don kada mai kallo ya gaji. Ina jin zai so sauƙin, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne. Zai dai yi faɗa a kan ɗaukar hoto a tsaye, domin haka ƙawayen suka riƙe wayar, Safiya ta fito siririya a tsakiya, duhu dama da hagu, hasken ma ya ɗan dushe wajen juyawa.

Da hoton ya zauna a gurbinsa muka taru muka kalla. Ta idar da karatu, ta rufe fuska da gefen hijabi, sai muryar Ado ta shigo, da ɗan kaki-kakin nan da yake yi kafin ya yi bisimilla. Shekara tara addu'ar nan tana cikin duhu, ranar muka ji ta a kan fuskar mai ita. Amma hoton bai kai tsawon addu'ar ba. Ya ƙare, allo ya koma baƙi, Ado bai gama ba.

Safiya ta ɗora hannu a kan maɓalli ta ce, "Baffa, in rage ta su ƙare tare?" Ta dube ni, ta dubi mahaifiyarta, sai ta janye hannunta da kanta.

Haka muka bar shi. Kyamarar Ado ta daɗe da lalacewa, shagon ya zama na sayar da katin waya, kwamfutar ma ba ta sake tashi ba tun makon da muka fitar da aikin. Abin da ya rage mana shi ne wannan ɗan lokaci a ƙarshen faifan, inda babu abin kallo, sai uba yana roƙa wa 'yarsa albarka har ya kai inda ya yi niyya, mu kuma da muke raye muna cewa amin.