Ruwan da Na Zuba wa Ƙarfen Usta

Akwai wata Juma'a da ko na so in manta da ita, ita ba za ta sake ni ba. Shekaru sun tura, furfura ta cika mini gemu, amma har yau in na ji ƙarar ruwa a kan ƙarfe mai zafi, ko da a wajen mai shayi ne, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina da wata tsohuwar boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ina jigilar ma'aikata da buhunan riɗi tsakanin ƙauyenmu da ke kudu da Sinnar da manyan gonakin wajen Damazin. Ni mutum ne mai gaggawa, kowa ya san ni da halin. Mahaifiyata takan ce ko a cikinta ban yarda na cika wata tara ba. Ana tsakiyar yankan riɗi na yi karo da tarakta a gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Ba wanda ya ji ciwo, amma gaban motar ya shige ciki, ƙarfen shasi na dama, wanda ke ɗauke da motar ta ƙasa, ya lanƙwashe, tayar gaba ta koma tana kallon gefe.

Mutum ɗaya ne a yankinmu yake iya miƙe shasi, wani dattijo abokin mahaifina da kowa ke kira Usta. Ba shi da injin ja irin na birni. Abin da ya mallaka wata ƙatuwar bishiyar gawo ce a bayan gidansa, da sarƙa mai abin murɗawa, da tulun gas biyu, da zaren auduga a aljihu. Amma har daga garin Makwar ake janyo masa mota, don an san in ya ce ta miƙe, to ta miƙe.

Kwana biyu muka yi muna sauke inji da lagireto. Ranar Juma'a da hantsi ya ɗaure bayan motar a wani kututture, ya maƙala sarƙa a lanƙwasasshen ƙarfen ya zagaya da ita jikin gawo, sannan ya kunna wuta. Yana gasa wurin har ya yi ja, yana ce mini in murɗa kaɗan, in tsaya, in ƙara. Ƙarfen yana kuka yana dawowa a hankali. Can ya ciro zarensa ya auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ya sake aunawa ta ɗaya gefen, har awon biyu ya zo daidai.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "A bar shi ya huce don kansa. Gobe in sake awo, sannan mu mai da inji."

Na ce, "Haba Baba, gobe kuma? Riɗin mutane na tsaye a gona yana zubewa, wasu motoci na ta kwashe mini lodi."

Ya ce, "Ɗana, ko ɗigon ruwa kada ya taɓa wurin ga. In ka sanyaya shi da ƙarfi gautsi zai yi. Ka ji mi na ce?"

Na ce na ji. Ya yi alwala ya nufi masallaci, na ce masa ina nan tafe. Ina ganin ya sha kwana na ɗauko jarka biyu na ruwan tur'a na kwarara a kan ƙarfen. Tururi ya tashi ya rufe mini fuska. A raina na ce wannan duk tsoron tsofaffi ne, ƙarfe ai ƙarfe ne. Kafin a idar da salla rana ta shanye danshin ƙasar tas, ni kuwa ina tsaye a sahun da ke bayan nasa, ko kunyar Allah ban ji ba.

Da muka dawo ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen ya ce, "Ikon Allah, ya huce da wuri." Na ce, "Yau da iska, Baba." Ya ja zare, awo bai motsa ba. Na yi ta yi masa magiya har ya yarda muka fara mai da inji a ranar.

Kusan sati uku motar tana tafiya lafiya lau, ina ta yi wa kaina kirari. Sai wata rana muna gangara wani kwazazzabo da cikakken lodi, da mutum biyar a kan buhuna, na ji wani ɓas a ƙarƙashina. Sitiyari ya saki a hannuna, tayar dama ta naɗe, muka kife. Ni hannu kawai na karya. Maƙwabcina da ke cikin mutanen kan buhuna, magidanci mai 'ya'ya huɗu, motar ta danne masa cinya, kuma har yau da sanda yake tafiya.

Da aka janyo motar gida kowa ya zo ya gani da idonsa: shasin ya karye daidai inda wuta ta yi baƙi. Dattawa suka zauna a inuwar masallaci aka kira Usta. Yayan maƙwabcin nawa ya gaya masa maganganun da ba a gaya wa tsoho. Usta ya daɗe yana jujjuya guntun ƙarfen a hannunsa, sannan ya ce, "Aikina ne. Ko wuta na ba shi fiye da ƙima, ko idona ne ya fara cin amanata. Ku gafarce ni." Ina zaune a wurin da hannu a rataye, ana ta yi mini sannu, ana cewa an cuce ni. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Tsoro ne, ba wani abu ba; na ji tsoron idon maƙwabcina da na matarsa.

Daga nan aka daina kawo masa mota. Shi ma bai jira ba, ya kyautar da tulun gas ɗin, ya bar sarƙar ta yi tsatsa a jikin gawo. Mutumin da direbobi ke layi a ƙofarsa ya koma zaman bakin garka, wato ƙofar gida, in an wuce a ce ai shi ne wanda ya gurgunta wane. Kullum na bi ta ƙofarsa sai ya tambaye ni ya hannun, har da ba ni haƙuri. Wallahi da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

Shekara bakwai na yi a haka. Sai da na ji labarin ciwo ya kwantar da shi, idonsa kuma ya tafi, na je na durƙusa a gefen gadonsa na faɗa masa komai, har da maganar iska. Da na gama sai ya ce, "Jarka biyu?" Na ce, "Biyu, Baba."

"Ashe hannuna bai yi ƙarya ba," in ji shi, hawaye na gangara ta gefen kunnensa. "Shekara bakwai ina neman inda na kuskure. Na zargi wuta, na zargi ƙarhe, na zargi idona. Kai kaɗai ne ban zarga ba."

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe, amma ya juya fuskarsa bango. Juma'ar da ta biyo na miƙe bayan salla na faɗi gaskiya a gaban jama'a. Wasu suka tofa mini albarkacin bakinsu, maƙwabcina bai sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mutane suka riƙa zuwa neman afuwar Usta, sai dai lokacin ba ya ko gane muryoyinsu sosai. Bai kai damina ba ya rasu.

Zuba ruwan nan bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma zan iya cewa wauta ce. Shirun kuwa ni na riƙa zaɓarsa da hankalina kowace safiya. Abin da na koya shi ne, laifin da ka ƙi ɗauka ba ya ɓacewa, wani ne yake ɗaukar maka shi, kuma wanda ya ɗauki nawa shi ne mutumin da ya fi kowa yarda da ni.