Mundayen Inna

A shekarar da aka karɓi mulkin kai ina malamin dabbobi a Bauchi. Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa ya tattara ya tafi, ya bar mini wata na'ura ta gano ƙarfe a cikin saniya. Ba wata aba ba ce mai girma: faifai ne da aka nannaɗe siririyar waya a cikinsa, zagaye bisa zagaye, sai akwatin batir da abin saƙalawa a kunne. In faifan ya kusanci ƙarfe sai ka ji kuka a kunnenka. Wayar ta taɓa tsinkewa, wani mai gyaran rediyo ɗan kudu ya sake naɗe mini ita, yana ƙirga zagayen a bakinsa. Na gwada ta da ƙusa ta yi kuka, amma tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Ana nan Baffa, ƙanen mahaifina, ya aiko daga Miri cewa saniyar Inna, mahaifiyata, ta daina ci, ta gantsare baya tana nishi. Ita kaɗai ta rage daga shanun da Inna ta gada wurin mahaifinta. In ƙusa ta haɗiya, babu abin yi sai a yanka kafin ta mutu mushe. In kuwa ba ita ba ce, ana iya yi mata magani.

Da na isa na yi duk abin da aka koya mini. Na sa maza suka cire wuƙaƙensu, aka janye bokiti, na tuɓe agogona. Saniyar ta ƙi tsayuwa ga kowa sai da Inna ta fito lulluɓe da mayafi, ta tsaya a ɗaya gefen ta rungume ta. To, ni ne ɗan farinta. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa tsayar da ido a kanta ba. Na sunkuyar da kai, na kai faifan ƙarƙashin ƙirjin saniyar.

Kuka ya cika mini kunne. Na janye, na sake kaiwa, ya sake yi.

“Yaya, Malam?” in ji Baffa.

“Akwai ƙarfe, Baffa.”

Inna ta saki saniyar ta shige ɗaki. Aka kira mahauci.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan hantsin ba. Mahauci ya farke tumbi yana lalube da yatsu. Ya juye, ya wanke, ya bi saƙo-saƙo, har zuciya ya tsaga. A raina ina ta tsine wa mai gyaran rediyo da naɗinsa.

“Malam, ko allura babu,” ya ce a hankali.

Can sai Inna ta fito da ƙwarya za ta ɗebi ruwa. Ta miƙa hannu cikin randa, mayafin ya zame, mundayenta na tagulla suka gangaro wuyan hannu suka yi ƙara. Hannun da ta zagaya da shi ƙarƙashin ƙirjin saniyar ke nan. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, mai gyara ma ya naɗa daidai. Mutum ɗaya ce ban iya duba ba a gidan.

Na rasa bakin da zan faɗa mata. Da la'asar na je ƙofar ɗakinta yin sallama, na durƙusa, kaina a ƙasa. Ta yi magana da bango, yadda ta saba in da ni take.

“A gaya wa wancan ya ci abinci kafin ya tafi.”

Ta turo akushi ta ƙarƙashin labule. Hannun babu munduwa ko ɗaya. Ta yi shekara ashirin da wani abu bayan nan, ba ta sake sa su ba.