Furen da Zenko Ya Jira

Kowace safiya, kafin ya sha shayi, Zenko Nakandakari yakan tsoma yatsunsa a wani ɗan kofin shuni da yake ɓoyewa bayan tulun miso, wato daddawarmu ta waken suya, ya goga a farcensa, ya hura har ya bushe. Sannan ya fito baranda ya ɗora hannayen a kan gwiwa, don mai wucewa ya ga hannun gwani. Shekara talatin ina kallonsa ta tagata. Na yi wa ruwan sama waƙa, na yi wa akuyar maƙwabta, amma Zenko bai taɓa cancantar baiti ɗaya ba.

Gonar baban rini ta matarsa ce, Kamado, gadon uwarta, can cikin kwari inda inuwa ba ta tashi sai hantsi. Ita ke dasa rassan, ita ke yanka sau biyu a shekara. Ita ke jiƙa ganyen a rami har ruwan ya yi kore ya yi wari, ta zuba farar ƙasa, ta yi ta bugu har kumfa mai ruwan shuni ta taso. Wannan kumfa muke kira fure. Hannun Kamado ya rine, sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Amma in baƙi sun zo daga birnin Naha, Zenko ne a gaba, da malafarsa, yana cewa, "Sirrin duk a fure yake." A bakin mata ya tsinci kalmar. Ramin kuwa bai taɓa leƙawa ba, wai warin yana taɓa masa ƙirji.

Bara da kaka Kamado ta zame ta karye a ƙugu, 'yarsu ta tafi da ita garin Nago jinya. Sai Nabe Tamanaha, masaƙiyar da ke ɗaukar shuninsu, ta bugo waya. Tana son rina zaren rigar da mahaifiyarta za ta sa ranar bikin cika shekara casa'in da bakwai.

"Yaya Zenko, za ka iya kuwa?"

"Ni kike tambaya? Wa kike zaton ya koya wa Kamado?"

"To, in fure ya taso ka kira ni."

Ya zauna jira. Na leƙa ta shinge na ce, "Zenko, lokacin yanka na wucewa fa."

"Je ka ƙirga gaɓoɓin waƙarka, tsoho. Mata ne ba su da haƙuri, shi ya sa suke yanka da wuri."

Da sanyi ya shigo, gonar ta yi abin da ba a taɓa barinta ta yi ba. Furanni masu ruwan makuba suka buɗe kamar ƙananan kakaki, suna rausaya a inuwa, raɓa a bakinsu. Ban taɓa ganin asara mai kyau irin wannan ba. Ganyen kuwa ya tsufa, ƙarfin rininsa ya tafi.

Ranar da aka dawo da Kamado, Zenko ya kira Nabe, ya kira ni shaida. Muka tarar da dami guda na furanni a tsakiyar ɗaki, cikin kwalbar giya.

"Ga fure," in ji shi. "Na bana ya fi na kowace shekara."

Nabe ta dubi kwalbar, ta dube shi. "Yaya, ina shunin?"

"Ai fure kika ce."

"Kumfar rami nake nufi! Da wannan zan rina wa Inna riga? Ko in soka mata a kunne?"

Kamado ba ta ɗaga murya ba. Daga shimfiɗarta ta ce, "Maigida, matso." Ta kama hannunsa, ta jiƙa bakin tawul da shayi, ta goga farcen babban yatsansa sau biyu. Ya fito fari tas, kamar na jinjiri.

"Kofin nan na bayan tulu," ta ce, "ni ke cika maka shi duk wata. Bana kuwa babu abin cikawa."

Nabe ta kawar da kai, kafaɗunta na rawa don dariya. Zenko ya buɗe baki, wataƙila zai ambaci ƙirjinsa. Sai ya cusa hannayen a aljihu, ya ture ƙofa da ƙafa, ya fita, ko malafar bai ɗauka ba.